Kwatar Inci: Yadda Ƙyallayen Tela Ke Zama Shimfiɗar Gado

A goman ƙarshe na azumi, da wuya a sami shagon tela a ƙasar Wudil da kekensa ke hutawa kafin tsakar dare. Daga cikin garin Wudil har Darki da Utai da Ɗankaza, shadda da atamfa da yadi suna shiga shago a naɗe, su fito riguna da zannuwa. Abin da ba ya fitowa shi ne ƙyallaye. Suna taruwa a ƙarƙashin teburin yanka har su rufe ƙafar mai yankan. Wasu a cusa su a matashin kai, wasu yara su kwashe su yi ƙwallo ko 'yartsana, wasu su zama tsumman goge keke, sauran kuwa a share a kai bola.

Ƙyallen nan da kuɗi aka saye shi, a kan farashin da aka sayi rigar da ya fito daga jikinta. Gutsuren gezna da ake takawa a ƙasa daga masaƙar Getzner da ke garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ya taso, ya keta teku, ya sauka Kantin Kwari, ya hau motar Wudil, sannan ya ƙare a bakin tsintsiya.

Akwai sana'ar da ba ta neman komai sai irin wannan ƙyalle. A Amurka da Birtaniya an haura shekara 150 ana ɗinka wani bargo na haɗe-haɗe da Amurkawa suka raɗa wa sunan bukkar gungume, don jerin ƙyallayensa ya yi kama da yadda mutanen karkararsu ke ɗora gungume kan gungume su ta da ɗaki. Faɗinsa ba wuya. Ana yanka ɗan ƙaramin murabba'i, shi ne cibiya. Sai a ɗinka zirin ƙyalle a gefensa guda, a juya, a ɗinka wani a gefe na gaba, a yi ta kewayawa har abin ya girma ya zama babban murabba'i, wato gida guda ke nan. Gefe biyu da ke maƙwabtaka da juna ana sa musu ƙyalle mai haske, ɗaya biyun mai duhu, sai kowane gida ya rabu biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. In an tara gidajen an haɗa su, zane ya fito.

Babu wuyan riga a ciki, babu aljihu, babu lanƙwasa. Miƙaƙƙen ɗinki ne daga farko har ƙarshe, irin wanda yaron shago ke iyawa tun bai daɗe da hawa keke ba. Amma gida goma da mutum ɗaya ya ɗinka a keke ɗaya suna iya fitowa kowanne da girmansa, wannan ya karkace, wancan cikinsa ya yi tozo, kuma a ranar haɗawa su ƙi zama wuri ɗaya. Abin da ke raba shimfiɗar da za a biya kuɗi a saya da tsumman da za a shimfiɗa wa yara a tsakar gida bai wuce kwatar inci ba.

Tsarin baƙo, aikin na gida

Kafin yadin kanti mai faɗi ya cika kasuwa, yawancin riguna da gwado da luru da mutanen Kano ke sawa haɗi ne na ƙwarya-ƙwarya. Masaƙar maza ba ta fitar da faɗin da ya wuce 'yan incina, don haka sai an jera sawaye gefe da gefe an ɗinke su da allura kafin a sami abin da za a yanka. Turkuɗin Kura, wanda Buzaye ke naɗawa, ƙwaryarsa ba ta kai faɗin inci guda ba, kuma haka ake bin su ɗaya bayan ɗaya har su zama rawani. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Tumbuktu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Kowane kaya a cikinsu ya bi ta hannun wani maɗinki da ya san cewa in ya ja ƙwarya ɗaya ya saki ɗaya, zanen zai murɗe.

Cusa auduga tsakanin yadi biyu a ɗinke shi ma tsohon aiki ne a nan. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa a 1908, ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa bargo ne a jikin doki: yadi a sama, yadi a ƙasa, audugar rimi a tsakani, ɗinki ya bi ya danne, fuskarsa kuma sau da yawa haɗin ƙyallaye ne masu launi daban-daban. Har yau 'yan lifidi na fitowa a hawan Sallah na Kano, hawan da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Ƙasar Wudil ita kanta an san ta da ɗinkin hannu na manyan riguna, inda mutum zai zauna a inuwa ya bi zanen aska da allura har ya kammala ba tare da layin ya kauce ba. Hannun da ke yin wannan ba zai gaza da miƙaƙƙen ɗinki ba. Abin da sabon tsarin ke ƙara masa shi ne lissafi.

A Amurka, bukkar gungume ta yi tashe a shekarun 1860, lokacin yaƙin basasarsu, kuma mutane kan danganta farin jininta da Shugaba Abraham Lincoln, wanda aka haifa a irin wannan ɗaki. Akan ce jar cibiya tana nufin murhun gida, rawaya kuma fitilar da ke taga. Wasu masu bincike sun hango tushen zanen can a Masar, don akwai gawarwakin kyanwoyi na zamanin da da aka naɗe da zirin lilin mai haske da mai duhu a irin wannan tsari, kuma ana iya ganin irinsu a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Lissafin gida guda

Telolin nan da inci da yadi suke awo, masu wannan sana'a a Amurka ma haka, saboda haka lissafin bai buƙatar juyi. A ɗauki gida mai inci 8 a kowane gefe bayan an gama. Cibiyarsa inci 2 ce, kowane ziri faɗinsa inci 1, kuma ziri 12 ne ke kewaye ta, wato zagaye 3. Kowane ɗinki yana cin kwatar inci a jikin ƙyallayen biyu da ya haɗa, don haka duk abin da za a yanka sai an ƙara masa rabin inci. Cibiya a yanka ta inci 2½, ziri kuma faɗin inci 1½.

Tsawon zirin yana hawa ne a tsare. Na farko inci 2½ ne, daidai da cibiya. Na biyu da na uku 3½, na huɗu da na biyar 4½, haka za a yi ta hawa biyu-biyu har na goma da na sha ɗaya su zama 7½, na ƙarshe kuma shi kaɗai ya zama 8½. In an tara, gida guda yana cin ziri mai tsawon inci 66: inci 30 na mai haske, inci 36 na mai duhu, wato yadi guda cif. Wanda ya tara ƙyalle mai haske da mai duhu daidai wa daida zai ga mai duhun ya riga ƙarewa.

Shimfiɗar da za ta rufe katifa mai ƙafa shida da shida har ta ɗan zubo tana son gida 10 a tsaye, 10 a kwance, inci 80 ke nan kowane gefe. Gida 100, ƙyalle 1,300, ɗinki 1,200 kafin ma a fara haɗa gidajen. Yawan yadin da ke ciki ya ɗan haura turmin atamfa guda.

A nan ne ƙaramin kuskure ke nuna girmansa. In aka ratsa gida daga gefe zuwa gefe, ɗinki 6 za a tsallaka. A ce keken yana cin milimita guda fiye da kwata, abin da ido ba zai kama ba. Milimitar nan a jikin ƙyalle biyu ake cin ta, ta zama biyu. Sau shida, milimita 12 ke nan, kusan rabin inci a gida guda. Da a ce kowane gida zai ragu daidai da ɗan'uwansa, da da sauƙi, sai dai shimfiɗar ta ɗan ƙanƙance. Matsalar ita ce hannu ba ya yin kuskure iri ɗaya kullum. Na safe ya ci da yawa, na yamma ya ci kaɗan, sai a wayi gari wannan gida ya fi wancan da rabin inci, kuma ba yadda za a yi kusurwoyinsu su haɗu.

Kafa kwata a jikin keke

Keken ƙafa irin Butterfly ko tsohon Singer da ke yawancin shagunan karkara ya isa wannan aiki, har ma ya fi wasu kekunan lantarki, don ɗinkinsa miƙaƙƙe ne kuma mai takawa ne ke da iko da saurinsa. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne gefen ƙarfen da ke danne yadi. Teloli da yawa da shi suke bin layi, alhali faɗinsa ya bambanta daga keke zuwa keke.

Hanyar da ta fi ita ce a yi wa keken katanga. A sa rula a ƙarƙashin allura, a sauke allurar a hankali da hannu har ta taɓa layin kwata, sannan a manna wani abu mai ɗan kauri a jikin farantin keken daidai bakin rular. Tsohon katin ATM da aka liƙe da salatif yana yi, haka ma salatif ɗin takarda da aka ninka sau da yawa. A kasuwa akwai ɗan ƙarfe mai maganaɗisu da aka yi don haka. Da zarar katangar ta zauna, mai ɗinki ya daina kallon allura, ya koma kallon bakin ƙyalle yana gogar katanga.

Ƙwararru ba cikakkiyar kwata suke ɗinkawa ba, suna rage mata kaurin zare ɗaya ko biyu. Dalilin shi ne in aka buɗe ƙyalle aka kwantar da shi, ninkin da ya hau kan zaren ɗinki shi ma yana cin wuri, kuma shadda mai kauri ta fi atamfa ci. Ba a sanin ko an dace sai an gwada. A yanka ziri 3 masu faɗin inci 1½, a haɗa su gefe da gefe, a yi guga, a auna. Na tsakiya ya kamata ya zama inci 1 cif, dukansu kuma inci 3½. In bai kai ba, a matso da katangar kusa da allura kaɗan, a sake gwadawa da sababbin ƙyallaye. Mintocin da aka kashe a nan su ne mafi riba a duk aikin. Tun ran gini ake zane.

Zare ya zama siriri, allura mai lamba 12 ko 14 wadda ba ta dakushe ba, taku kuma kamar 12 a cikin inci guda. Akwai wasu halaye biyu na keke da ke ɓata ƙananan ƙyallaye. Na ɗaya, a farkon ɗinki allura kan tura kusurwar ƙyalle cikin ramin farantin ta cukuikuye. Maganinsa a fara da wani ɗan tsumma, a ɗinke shi, sannan a cusa ainihin aikin a bayansa ba tare da an yanke zare ba. Na biyu, haƙoran da ke jan yadi sun fi jan na ƙasa, na sama kuma ƙarfen dannewa yana tura shi gaba, sai a kai ƙarshe a ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Fil ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe, yana hana wannan a dogayen ziri.

Yanka

A 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai kamar taya, wadda ake gungurawa a gefen rula mai kauri a kan tabarmar roba. Ita ce ta sauya wannan sana'a a ƙasashen Turawa, don tana yanka yadi ninki huɗu a tashi ɗaya, baki a miƙe. Mai halin sayenta ba zai yi da-na-sani ba, sai dai ya tuna cewa bakinta na dakushewa, kuma sabon baki ba a shagon unguwa ake samunsa ba.

Wanda ba shi da ita bai rasa komai ba sai sauri. Almakashi mai kaifi ya isa, in an yi zanen da kyau. Allin tela mai kauri shi ne abokin gaba a nan, don layinsa kaɗai ya kai milimita biyu. A feƙe shi, ko a yi amfani da fensir a bayan yadi. A sa kafinta ya fere wani siririn katako mai faɗin inci 1½ daidai, ya zama shi ne ma'aunin kowane ziri, a daina ɗaukar tef kowane lokaci, balle ma tef ɗin awo yakan miƙe in ya tsufa.

Yadda aka kwantar da ƙyalle kafin yanka shi ma yana da tasiri. Zaren da ya bi tsawon yadi ya fi tauri, wanda ya ratsa faɗinsa yana ɗan miƙewa, abin da aka yanka a karkace kuwa yana ja sosai. Ƙyallayen tela, musamman na hammata da wuya, yawanci a karkace suke fitowa, don haka sai an nemo hanyar zaren an bi ta. Zirin da aka yanka bisa tsawon yadi shi ya fi riƙe awonsa. Kafin duk wannan, a wanke ƙyallayen. Atamfa na zuwa da sitaci, wata tana zuba, auduga kuma tana tsukewa a wankin farko. Jar atamfa mai zuba guda ɗaya ta isa ta ɓata farar shaddar shimfiɗa gaba ɗaya. In sun bushe, a sa musu sitaci kaɗan a goge, su yi ɗan tauri, sun fi jin almakashi.

Masu sana'ar sun rabu biyu a kan tsawon ziri. Wasu ba sa auna shi: suna shimfiɗa dogon ziri a keke, su yi ta jera gidaje a kansa ɗaya bayan ɗaya, in sun gama su yanke tsakani. Wannan hanya ce Ba'amurkiyar nan Eleanor Burns ta yaɗa da littafinta na 1978, wanda ya nuna yadda za a gama fuskar bargo a yini guda. Tana da sauri, amma tana ɓoye kuskure, don zirin yana bin duk girman da gidan ya zo da shi, daidai ko ba daidai ba. Ɗaya hanyar ita ce a yanke kowane ziri a kan tsawonsa tun farko, a jera su tuli-tuli daga 2½ zuwa 8½. Ga mai koyo, wannan ta fi nesa ba kusa ba. In aka ɗora ziri na biyar ya ƙi yin daidai da gefen gida, an san ɓarnar tana cikin ɗinki huɗun da suka wuce, a farke tun abin bai yi nisa ba. Abin da ba a yi shi ne a ja zirin da ƙarfi don ya kai, ko a datse rararsa a wuce.

Guga da daidaita kusurwa

Tela ya saba da gugar riga, inda ake tura dutse gaba da baya da ƙarfi. A nan wannan ɓarna ce, don turawar na miƙar da ziri ya lanƙwashe. Dannawa ake yi a ɗaga. Da farko a danna ɗinkin yadda ya fito daga keke, zaren ya kwanta. Sannan a buɗe sabon zirin, a bi ninkin da farce, a danna, cin ɗinkin yana kallon waje, nesa da cibiya. Kowane ziri sai an yi masa haka kafin a ɗora na gaba. Shi ya sa masu wayo ke ɗinka gida 10 ko 20 a tare: a sa wa dukansu ziri na farko a jere ba yanke zare, a tashi a goge su gaba ɗaya, a dawo a sa na biyu. Zare ya yi auki, gawayi ma haka.

Dutsen guga na gawayi yana da nauyin da aikin ke so, kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Haɗarinsa zafin da ba a iya sarrafawa, ga shi yadi mai roba a jiki yana ƙanƙancewa ko ya narke. A riƙa gwada shi a kan tsumma. Ruwa ma a yi hankali da shi, jiƙaƙƙen ƙyalle ya fi saurin miƙewa. Wata dabara mai arha ita ce a ɗora guntun katako mai nauyi a kan ɗinkin da zarar an ɗaga dutse, a bar shi ya huce a ƙarƙashinsa. Ɗinkin zai kwanta lif.

Bayan kowane zagaye a auna. In an gama ziri huɗu na farko, gidan ya zama inci 4½ a kowane gefe, bayan takwas 6½, bayan sha biyu 8½. Akwai rulolin roba masu layi da ake sayarwa musamman don datse gida bayan kowane zagaye, amma murabba'i uku da aka yanka a kwali mai tauri ko a tsohon fim ɗin hoton asibiti suna yin aikin, fim ɗin ma ya fi don ana hango ɗinkin ta cikinsa. Don a tabbatar kusurwar ma'aunin ta tsaya daidai, a ari dabarar magina: inci 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, tsakaninsu ya zama 5. Gidan da ya kammala kuma a auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Duka su ba da inci 12 da ɗan ɗigo. In ɗaya ya fi ɗaya, gidan ya karkace ko da gefunansa sun yi daidai.

In ƙyallayen ba jinsi ɗaya ba ne

Buhun ƙyallen tela ba ya zuwa a tace. Akwai shadda, akwai atamfa, akwai boyel mai santsi, akwai yadin makaranta. Matan Amurka na ƙarni na 19 sun sha irin wannan, don su ma ulu da siliki da auduga suke haɗawa, kuma maganin da suka samo shi ne tushe. Ana yanka murabba'in farin yadi mara kauri, a zana layukan gidan a kansa, a ɗora cibiya a tsakiya, sannan kowane ziri a ɗinke shi a kan layinsa har da tushen. Tushen ne ke riƙe awo, ƙyalle mai santsi ba shi da inda za shi. Tsohon zanen gado da ya koɗe ya isa ya zama tushe. Wasu da takarda suke yi, su ƙanƙanta takun ɗinki yadda takardar za ta yage cikin sauƙi in an gama.

A tsibirin Man, wanda ke tsakanin Ingila da Ayalan, mata sun yi irin wannan aiki ba rula ba almakashi. Yaga yadin suke yi, su auna tushe da taƙin hannu, cibiya da ziri kuma da tsawon yatsu, su ɗinka da allura. Gidajen suna fitowa daidai da juna saboda hannu ɗaya ne ya auna su duka. Matan da suka gaji awon zane da kamu da taƙi ba za su ga baƙon abu a nan ba, kuma hanya ce da mace za ta bi a cikin gida ko ba ta da keke. Sharaɗin kawai kada a haɗa awon mutum biyu a shimfiɗa ɗaya.

Akwai ma waɗanda suka yi watsi da rula da gangan. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, jikokin bayi, sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhunan hatsi, da yawansu a kan wani reshe na wannan tsari, layukansu a karkace, launukansu da ƙarfi. A 2002 aka baje kolin aikinsu a gidan adana zane na Houston, daga nan aka kai shi gidan adana zane na Whitney a New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunansu a kan tambarin wasiƙa. Karkacewar tasu ta gwaninta ce, ta wadda ta san inda za ta ƙara da inda za ta rage har bargon ya kwanta shimfiɗe. Mai koyo da ke son ya sayar wa uwar amarya gara ya fara da kwatarsa.

Jeri da kammalawa

Daɗin aikin yana ranar jeri. A share ɗaki, a shimfiɗa tabarma, a baje gidajen. In aka jera su kowane gida na kallon akasin fuskar na kusa da shi, layukan haske da duhu za su ratsa shimfiɗar a karkace, tsarin da Amurkawa ke kira da sunan kunyoyin gona. In aka fara daga tsakiya ana juyawa, sai a sami lu'ulu'u a cikin lu'ulu'u har baki. Gidajen nan dai su ne, juyi ne kawai ya bambanta. Zanen ba ya fitowa sai haske da duhun sun rabu sosai, kuma atamfa mai manyan furanni takan ruɗi ido. Wayar hannu na taimakawa: a ɗauki hoton jerin, a mai da shi baƙi da fari, duk ƙyallen da ya shiga ɓangaren da ba nasa ba zai fito fili.

Ana haɗa gidajen layi-layi, sannan layi da layi, ana sa fil a kowace mahaɗa. In zanen gado ake so na lokacin zafi, shafi kawai za a yi masa a kalmashe baki. In kuwa na hunturu ne, irin sanyin da ke sauka a garuruwan bakin kogin Wudil a watannin Disamba da Janairu, sai a sa auduga ko tsohon bargo a tsakiya, a kama rukunin uku da dogon taku daga tsakiya zuwa waje, sannan a bi da ɗinkin dannewa. Wannan mataki na ƙarshe shi ne aikin masu lifidi sak, kuma mai ɗinkin hannu zai fi keke fitar da shi da kyau.

Maganar kasuwa tana buƙatar gaskiya. Shimfiɗar da ta ci ɗinki 1,200 ba za ta taɓa yin gogayya a farashi da zanen gadon kanti da ake saukewa dila-dila a Kwari ba. Mai sayenta shi ne wanda ke neman abin da kanti ba shi da shi. Ƙananan kaya su ne mafarin da ya fi dacewa: gida 4 sun ba da rigar matashin kujera mai inci 16, gida 20 sun isa shimfiɗar jariri ta ranar suna. Babbar dama kuma tana wajen biki. Ankon biki ɗaya yakan bar wa telan unguwa tulin ƙyalle iri guda, ga ragowar atamfofin lefe da ake ɗinka wa amarya. In aka ware su tun a kan teburin yanka, aka ƙara farar shadda a ɓangaren haske, za a fitar wa amarya shimfiɗa daga kayan bikinta, kuma da yake yawancinsu auduga ce mai kauri kusan ɗaya, ba sa buƙatar tushe, tare suke tsukewa a wanki.